Hajiya Juwairiyya, Wadda Ta Rufe Rijiyar Mahaifinta

Da an idar da sallar asuba, Hajiya Juwairiyya Ramalan za ta nufi tashar Rano da kular ƙanƙara a hannu, sai ɗakin gwajin ruwa a Kano. Haka ta yi ta yi har furfura ta cim mata. A watan nan ta ajiye aiki, ba taro ba walima, abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba.

Aikinta auna kuromiyom ne, sinadarin da ake jima da shi. Iri biyu ne a ruwa: akwai wanda masana ke kira mai uku, wanda cutarsa da sauƙi, da mai shida, wanda ke cin hanta da ƙoda a hankali. Na'ura jimillarsu kawai take faɗa. Mai shida sai an ɗiga wa ruwan wani magani, in ya rine ya koma shunayya, to yana ciki. Ga shi ba ya jira, da ruwa ya kwana biyu a ajiye sai ya rikiɗe ya ɓuya.

Shekarar da manoman Unguwar Gai suka riƙa kwaso sharar majemu suna ƙonawa a gona da sunan taki, aka aiko mata da ruwan rijiyar bakin masallaci. Mahaifinta ne ya haƙa ta sadaka kafin ya rasu. Gwaji ya fito lafiya ƙalau. Da wani ne, sai ya yi hamdala ya wuce. Ita kuwa hasken ruwan ne ya dame ta, don rijiyar nan ba ta taɓa ba da ruwa garau haka ba. Ta kira yayanta Muntari.

"Yaya, a me kuka zubo ruwan nan?"

"Haba Juwairiyya, ma aika birni da gurɓataccen ruwa? A tsohuwar garwa aka bar shi ya kwanta, aka sa alam, aka tace."

Mutanenmu ke nan, ko gwaji za a kai ruwa sai an yi masa kwalliya. Tsatsar garwa ta riga ta juyar da mai shida zuwa mai uku, alam kuma ya kwantar da shi. Ta je da kanta, ta ja guga, ta ɗiga maganin a gaban dattawa. Ruwa ya rine.

"Ladan Baba fa?" in ji Muntari. "Duk wanda ya sha, yana samu."

"Yaya, Baba ruwa ya bayar, ba ciwo ba."

Ita ta fara ɗora itace a bakin rijiyar don a rufe ta, tana hawaye. Wasu dangi sun daɗe ba sa amsa gaisuwarta, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Hajiya, ke ce kika ga sakamakon da zuciyarki ke so, kika ƙi karɓarsa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya kai haske kabarin Malam Ramalan. Masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita. Yaran da ke zuwa nesa ɗebo ruwa suna gunaguni ba su ma san sunanta ba, amma ga su nan da lafiyarsu.