Ranar da Mahaifiyata Ta Kira Sunana

A lokacin da wannan abu ya faru, ni 'yar makaranta ce a New Bell, cikin Douala, ban daɗe da shiga sakandare ba. Yarinya ce ni marar magana, irin wadda malami ke gama shekara bai san muryarta ba. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan gane maƙwabciyar da ta shigo daga ƙarar silifas ɗinta, nakan gane Baba bai yi ciniki a kasuwar Mboppi ba daga yadda ya ajiye hularsa. Ni ce 'yar fari, mahaifiyata kuwa mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni, sai ta ce wa ƙanena ya kira mata waccan. Ba ta yi mini kitso, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in baƙi suka yabe ni sai ta tashi ta shige madafa. Ni ma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. Duk unguwa ana yabonta, wai ta san kunyar ɗan fari. Ni kuwa ina ganin tana yi wa ƙannena wasa, sai na yanke a raina cewa ni ce ba a so, ban kuma gaya wa kowa ba.

Daminar wannan shekara ruwa ya cika lunguna har ya gangara rijiyoyi, sai zazzaɓin taifot ya kama ni. Lokacin kuma 'yan adawa ke rufe gari, abin da ake kira villes mortes: ranakun aiki ba kasuwa, ba makaranta, ba taksi, sai Asabar da Lahadi mutane ke fita. Baba ya tafi arewacin ƙasar neman kaya, hanya ta riƙe shi. Gwaggona, ƙanwar Baba da ke aure a unguwar Cité des Palmiers, ita ta kai ni asibiti wata Asabar. Aka ba ni ƙwayoyi, likita ya ja mana kunne cewa kada a sha su ba abinci a ciki, kada kuma a tsallake. Gwaggo ce ke jinyata, in ta samu mai babur ta zo. Takan ce na zama kamar raken da aka tsotse, in ban ci ba ko mai tura amalanke ba zai taya ni ba. Takan kuma leƙa madafa ta ce wa mahaifiyata, ga 'ya'ya har sun cika ɗaki tana nan tana sunne kai kamar amaryar jiya.

Sai aka shiga wani mako mai zafi. Aka ƙona tayoyi a mararraba, hayaƙi ya rufe unguwa, Gwaggo ta kasa zuwa. Mahaifiyata takan dama kunu ta ba ƙanena ya kawo mini. Daga inda nake kwance ina ganin yatsun ƙafarta a ƙarƙashin labule, da tsohon lalle a farcen. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta juya. A nan ne ƙuruciya ta sa na ƙudurta ba zan ci komai ba sai ta ɗaga labulen da hannunta. Kunu na tura shi ƙarƙashin gado, ƙwayoyin na cusa su bayan katifa. Zazzaɓi ya dawo fiye da da, leɓɓana suka tsattsage, kwanon rufi ya riƙa juya mini. Har na yi tunanin in na mutu, dole ta faɗi sunan wadda ta rasu in masu gaisuwa sun tambaya. Allah ya yafe mini wannan tunani.

Wata rana bayan azahar, ƙanena ya fita da kwano yana cewa kiyashi sun cika kunun jiya, kuma ya yi ta magana ban amsa ba. Sai na ga labule ya yi sama. Ta durƙusa ta ɗora tafinta a goshina, tafi mai kaushi, mai ƙanshin albasa da sabulun wanki. Ban tuna ranar da ya taɓa ni kafin nan ba. Tana gyara mini kwanciya ƙwayoyin suka zubo. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira sunana, kamar abin da ya daɗe a ƙasan akwati aka ciro, ta tambaye ni ko so nake in kashe ta. Da ƙyar na ce na zaci ba ta so na. Sai na ji ɗigar hawayenta a wuyana. Ta ce haka uwarta ta yi mata, haka aka koya mata, ba ta taɓa sanin ina ƙirga abin a matsayin ƙi ba.

Daga nan ta kwance mayafinta ta goya ni, ƙatuwar yarinya, ƙafafuna na dukan ƙwaurinta, ta nufi gidan wata ma'aikaciyar jinya a bayan masallaci. Samarin da suka tare hanya da benci suka dube mu, ɗaya ya ce da Faransanci a bar mama ta wuce. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Wata tsohuwa ta ce yau kam kunya ta yi tafiya. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa mayar wa babba magana ba, ta ce in yarinyar ta mutu, ko kunyar ce za ta haifa mata wata.

Aka ƙara mini ruwa, aka ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Maganin bai canza ba, kunun ma shi ne, amma daga hannunta sai ya riƙa zama a cikina. Ita ke mini wanka da ruwan ɗumi. Gashina ya zube, ta riƙa shafa mini man kaɗe tana kama ɗan abin da ya rage. Da Gwaggo ta samu zuwa ta tarar da kaina a cinyarta, sai ta tafa hannu ta ce ashe rufe gari ma yana da rana.

Na warke, ko da yake na rasa shekarar karatun. A gaban mutane ta koma ce mini waccan, abin bai ƙara yi mini zafi ba. Wanda ke ci na har yau daban ne. Ta karya kunyarta domina a tsakiyar titi, ni kuwa na kasa karya tawa a cikin ɗaki. Kullum ina cewa gobe zan ce mata Inna, har Allah ya karɓe ta ina ce mata Yaya.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ado ce. Amma iyaye, yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, abin da hannu ya yi yake gani. Ku kuma 'ya'ya, kada ku auna son iyayenku da lafiyarku, ni saura ƙiris in biya da raina. In naku yana kwance, ku shiga, ku zauna, ku taɓa shi. In akwai kalmar da kuke ajiye wa gobe, ku faɗe ta yau, tun mai ita yana ji.