Wayar da ta bi ta taga

Jama'a, yau na kama ɓarawon intanet a cibiyar kwamfutarmu ta Mafara.

Tun safe ramin jona waya ɗaya na suwic, akwatin da ke raba mana intanet, yake kashe kansa. Ni na saita shi: da an jona baƙon suwic, sai ya rufe. Ke nan wani ya jona a ɓoye.

Alhaji mai wurin ya hau faɗa: "Akwai munafuki cikinku, yau sai na kori mutum!"

Munka bi wayar da ke jone a ramin. Ta taga ta fita, ta shige shagon maƙwabcinmu.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Au, wagga 'yar waya ce? Bari binciken, Sanusi. Shagon surukina ne, ni na jona mai."