Shekarar da Amílcar Ya Ambaci Sunan Yayarsa

Amílcar Bosco bai taɓa hawa dandamali ba, amma babu ɗan wasan kwaikwayo a titin Corrientes, titin gidajen wasa, da bai san shi ba. Shi ne dogon nan mai farar kwat da ke kai wa mutane abinci a gidan gahawar Don Casimiro, tire a tafin hannu ɗaya, tsumma a kafaɗa. Tun yana saurayi ya shiga gidan da wankin kofuna, ga shi yanzu furfura ta cinye masa kai.

A unguwar Barracas aka haife shi, bayan layin dogo. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, mahaifin kuma ma'aikacin jirgin ruwa ne, ba mazauni ba. Yayarsa Herminia ce ta raine shi. Da rana tana ɗinkin maɓalli a wata masaƙa, in ta tashi ta wuce wajen koyon wasa. Ta shekara arba'in tana fitowa, amma kullum 'yar aiki ce, ko maƙwabciya, ko matar da ke shigowa ta ce abinci ya nuna ta fita. Sunanta a jikin takardar talla sai an matso kusa ake ganinsa.

'Yan wasa mutane ne masu kyautar tikiti, don haka babu wasan da ke wuce Amílcar. Ranar hutunsa sai ya goge takalmi, ya samu kujerar baya ya zauna. Daga nan al'adar ta samo asali. Kowace shekara, in Nuwamba ya kama, lokacin da zafi ke shigowa a can ƙasar, ƙungiyar masu sharhi kan raba lambar yabon da ake kira Fitilar Azurfa. Kafin nan Amílcar yakan yi hasashe sau biyu, a tsaye a gaban kanta, bayan an gama cin abincin rana.

Na farko shi ne na waɗanda za a fitar takara. A nan ba kasafai yake kuskure ba, kuma ba wani sirri a ciki: masu sharhin ma a gidan suke shan gahawa, shi kuwa ba kurma ba ne. Na biyu, na waɗanda za su ɗauki fitilar, shi ne abin tsoro. Amílcar wanda ya taɓa masa zuciya yake zaɓa, alƙalai kuwa ma'auninsu daban. Shekarar farko ya ambaci wani dattijo, dattijon ya faɗi. Ta biyu ya ambaci wata mai waƙa, ta faɗi, muryarta kuma ta dushe har mako ya zagayo. Kafin a ankara magana ta bazu cewa bakin Amílcar ƙona mutum yake yi.

To, mutanen wasa ba su da wasa da irin wannan. Da lokacin ya ƙarato sai su daina kiran sunansa, sai dai ka ji ana "bawan Allah, kawo sukari." In ya yi wa mutum murmushi, mutumin ya zabura ya nemi katako ya taɓa, kuma dole katakon ya zama marar ƙafa, don teburi da kujera ba sa karya baki. Saboda haka katakon ƙofar gidan har ya yi sheƙi a daidai tsayin hannu. Amílcar dariya yake yi da su, amma in ya juya ya nufi madafa fuskarsa takan canza.

A shekarar da ake maganarta, Herminia ta samu wani wasa a wani ƙaramin gidan wasa na ƙarƙashin ƙasa, mai kujeru kaɗan da warin danshi. Ta fito a matsayin tsohuwar da ke jiran ɗanta a tashar mota, ɗan da kowa ya san ba zai zo ba. Maganarta a wasan ba ta da yawa. Ɓare lemo kawai take yi, tana ajiye masa rabinsa a kan cinya. Amílcar ya kalla daga kujerar baya, ya fito bai iya tsayawa gaishe ta ba, ya bi titi yana share hanci.

A hasashen farko ya sa sunanta, aka kuwa fitar da ita takarar gwanar 'yan wasa masu rufa baya, ita da wasu mata uku. Mai ƙarfin cikinsu ita ce Griselda Ponce, ta babban gidan wasa mai bene uku.

Washegari da hantsi Herminia ta shigo, ta zauna a teburinta na gefen taga, ta ɗora jaka a cinya.

"Auta, zo nan."

Sunan da take kiransa da shi ke nan, ko da yake su biyu ne kawai kuma ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Yaya, barka da arziki. Gahawa da madara?"

"Ajiye barkarka, kada ka ƙona ni tun yanzu. Zauna."

"Ina kan aiki."

"Ni na wanke maka gindi, ka ce mini kana kan aiki? Zauna, na ce."

Ya zauna a bakin kujera. Ta rage murya.

"Ranar Asabar in ka tashi wannan shirmen naka, ban yarda in ji sunana ba. Ka ce Griselda. Ka faɗa da ƙarfi, ka maimaita."

"Yaya, ai ban ga ta fi ki ba."

"Wa ya tambaye ka abin da ka gani? Shekara arba'in ina buɗe wa mutane ƙofa a dandamali. Sau ɗaya aka buɗe mini, kada bakinka ya rufe."

Daga teburin baya Ramiro, wani kakkauran ɗan wasan barkwanci da kunnensa ba ya barci, ya cafe: "Gaya masa, Doña Herminia! Kai bawan Allah, ga bindiga a hannunka, sai ka harbi 'yar gida? Juya bakin can wajen bene uku!"

Aka kwashe da dariya. Don Casimiro ma ya leƙo daga bayan kanta ya ce, "In ka ƙona mana ita, ka nemi wani gidan. Ni ba na ajiye wuta kusa da buhun sukari."

Amílcar ya tashi ya ci gaba da aikinsa, amma kwanakin nan gaba kura ce baya siyaki. Shi bai yarda bakinsa na da wani dafi ba. To amma in ya ambace ta ta faɗi, ya san Herminia: tana iya ɗauke masa wuta har kabari, kuma ba shi da kowa sai ita. In kuma ya ce Griselda, ya yi ƙarya a kan abu ɗaya tak da bai taɓa yi wa ƙarya ba, ya kuma yi ta da nufin cutar matar da ba ta tsare masa komai ba. Akwai na uku, wanda ya fi ci masa rai. A gidansu ba a saba yabo ba. Tun tasowarsa bai taɓa buɗe baki ya ce wa yayarsa ta iya ba, sai dai ya ce takalminta ya yi ƙara a fitowa ta biyu.

Ranar Asabar gidan ya cika har bakin ƙofa, wasu ma tun kafin a fara sun dafa katako. Amílcar ya ajiye tire, ya goge hannu, ya bi rukunan ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba. Duk wanda aka ambata sai ya kama kai, abokan hamayyarsa su yi tafi. Da ya iso rukunin Herminia sai wurin ya yi tsit. Tana zaune gefen taga, ta kafe shi da ido.

Ramiro ya raɗa da muryar da kowa ya ji: "Gri... Gri... taimaka masa, ya Ubangiji."

Amílcar ya ce, "Na ga duka huɗun. Griselda Ponce ta yi ƙoƙari, ba na rage mata komai. Amma mace ɗaya ce a garin nan ta ɓare lemo ta sa ƙato kamata kuka a titi. Ba don ta goye ni ba. Da ban san ta ba ma haka zan ce. Herminia Bosco ce, kuma ta daɗe da zama ita, mu ne ba mu faɗa ba."

Sai ihu. Mutane suka yi rububin ƙofa, Ramiro ya ture wani yana cewa, "Matsa, ka bar wa talakawa katako!" Herminia ba ta taɓa komai ba. Ta miƙe, ta saɓa jakarta, ta ratsa su ta fita.

Ba ta sake leƙowa ba. Ya buga waya, ba ta ɗauka ba. Ran Lahadi, da suka saba cin taliya tare a ɗakinta, ya je ya ƙwanƙwasa, yana jin rediyo a ciki, ba a buɗe ba. Ya rataye mata ledar burodi a hannun ƙofa ya juyo.

Safiyar da ta biyo bayan bikin raba fitilar, mai jaridar kusurwa ne ya tare shi tun kafin ya tsallaka titi. Ya dai miƙa hannu ya taɓa katakon rumfarsa. Griselda Ponce ce ta ɗauka.

Amílcar ya sa farar kwat ɗinsa ya kama aiki. Ranar ko Ramiro bai tsokane shi ba. Can bayan azahar, yana goge teburi, ya ji an ce daga gefen taga, "Bawan Allah, gahawa da madara."

Ya kai mata. Ya tsaya.

"Ka ƙona ni," in ji ta.

"Na ji, Yaya."

"Da sabuwar riga na je. Na zauna ina tafa wa Griselda har hannuna ya yi ja." Ta zuba sukari, ta daɗe tana juyawa. "Ka san abin da ya faru a ramin namu? Tun ranar da ka yi haukan nan ba kujerar da ta kwana babu mutum. Kowa so yake ya ga tsohuwar da ƙaninta ya ƙona da bakinsa. Suna shigowa da dariya, suna fita da jan ido. Mai gidan wasan ya ce za mu ci gaba har bayan hutun zafi, ya kuma sa an sake buga talla. Daga tsallaken titi ana karanta sunana."

"To, madalla," ya ce. "Madalla, Yaya."

"Ban gama ba." Ta ɗago ta dube shi. "Abin da ka faɗa. Har cikin ranka ne, ko don ka ba ni haushi?"

"Yaushe na taɓa faɗin abin da ba shi ne a raina ba? Ai shi ya sa kullum nake faɗuwa."

Ta ciro hankici ta ce hayaƙin madafar Casimiro ya dame ta, alhali ba abin da ke kan wuta.

"Shekara arba'in, Auta. Sai da ka bari haƙorana suka fara zuba."

"Na yi latti."

"Ka yi latti. Zauna."

Ya waiga wajen kantar gidan. Don Casimiro ya ɗaga masa hannu, ya juya baya kamar bai gani ba. Amílcar ya ja kujera ya zauna sosai, ya jingina.

Daga baya Ramiro ya ɗaga murya: "Doña Herminia, baɗi fa? Mu ɗaure masa baki?"

Ta ce, "Ku bar mini ƙanena. Baɗi in na fito, ya sake faɗa. Kai kuma da ko takarar ba a taɓa sa ka ba, me kake tsoro?"