Ashe Baba mace ce

Jiya na raka ɗalibina Sadiq wani gida a Goron Dutse, zai ɗebi jinin tsohon kunkurunsu don bincikensa kan cututtukan namun daji. Kowa a gidan “Baba” yake ce wa kunkurun.

Sadiq ya juya shi, ya duba, ya ce, “Hajiya, ai Baba mace ce.”

Tsohuwar gidan ta rafka salati. “Tun ina amarya nake jan mayafi in zai wuce! To cire hannunka, ɗan nan. A turo mata likita mace.”

Haka muka fito ba ko ɗigon jini, kuma ba mu da ɗaliba ko ɗaya a fannin.

'Yan matanmu, wace ce za ta ceci binciken Sadiq?