Ihun Nan Dai Naki Ne

Jiya a kasuwar Laranto mai tumatir ta ce min, "Hajiya, dariyarki sak ta marigayiya." Sai da raina ya ɓaci. Shekara uku ke nan da rasuwar Goggo, yayar babana da ta riƙe ni, amma har yau ba a bar min komai nawa ba.

Ita ta fara wannan rabon. Duk halin da na nuna, ta san mai shi. In na yi fushi, na kakana ne. In na yi rowa, a dangin uwata na kwaso ta. Ranar da na kawo mata takardar shiga jami'a, tana tsugune tana juya gwaten acca, ƙamshin yakuwa ya cika tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kan babanki ne."

Na yi jifa da takardar. "Haba Goggo! Fushi na wani, basira ta wani. To ni wace ce? Mene ne nawa?"

Ta ɗanɗana gishiri, ta dube ni sama da ƙasa. "Ihun nan dai naki ne. Ba mu da shi a gidanmu."

Da na dawo daga kasuwa na tsaya gaban madubi na yi dariya da gangan. Tata ce kuwa, har da karkata baki.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya haskaka kabarinki. Ni kuma ya bar min ihuna.