Turmin Rahila

A daren muna nan mu biyar: ni, da ƙanena Sale, da Inna, da Kaka, sai Rahila maƙwabciyarmu, Kirista ce daga ƙauyukan kan dutse. Baba ba ya nan. Mahauci ne, ya tafi Kuseri sayen shanu, yaƙin Cadi ya rutsa da shi a ƙetaren ruwa. Tun daga nan shiru.

Dawarmu ta ƙare. Kaka ta hana kowa faɗa. Kullum da yamma sai ta sa Inna ta hura wuta ta ɗora ruwa zalla, don unguwa ta ga hayaƙi. Amma hayaƙi bai ruɗi Rahila ba. Ita kunne ta kasa, ta ji taɓaryarmu ta daina magana.

Ranar ta shigo da dawa a ka, ta ce turminta ya tsage, a ara mata namu. Ta yi dakanta, ta kwashe sama-sama, ta bar fiye da rabi a ciki. Sale ya buɗe baki zai tuna mata, Kaka ta dangware shi.

Bayan mun ci tuwo, Kaka ta ce mu matso kusa da murhu, ga wata tatsuniya nan tafe. Wai kurciya ce ta karye a fiffike shekarar yunwa, ba ta iya kiwo, ba ta kuma iya roƙo. Sai ɓera ya zo ya ce ruwa ya shiga raminsa, ta ajiye masa hatsi. Kullum ya kawo ajiya, bai taɓa dawowa karɓa ba.

Na ce, to mantuwa yake yi?

"Ɓera ba ya mantuwa, 'yar nan," in ji Kaka. "Kurciya ma ta sani. Ranar da ta yi masa godiya, ranar za ta daina iya ci."

Rahila tana gefe tana tsince dawa, ko kai ba ta ɗaga ba. Da za ta fita ta ce wa Kaka, "Dada, gobe ma turmin." Kaka ta ce ta zo da wuri, ba a son daka da almuru.

Turmin Rahila bai gyaru ba har Inna ta soma sayar da ƙosai. Baba kuwa bai dawo ba. Kaka ta rasu ba ta taɓa ce wa Rahila an gode ba, na daɗe ina ganin rashin kirki ne.

Bana wata mata ta kama ɗakin da ke bayan katangata a nan Garwa, ita da yara uku, sun gudo daga Kolofata. Yanzu kowa inji yake kaiwa, ba taɓaryar da za a saurara. Sai na riƙa duba ruwan wanke-wankenta da ke fitowa ta kwata. Fari tas, ko alamar miya babu.

Da gari ya waye na ɗauki gari da kuka da daddawa, na yi sallama. Na ce mata murhuna ya rushe.