Igiyar labulen Islamiyyarmu

Ranar Asabar muna cikin karatu a Islamiyyarmu ta unguwar Bromakoté, sai na ji igiyar labulen da ya raba mu da maza tana wani siririn ƙugi. Ba iska, ba wanda ya taɓa ta.

Daga bango zuwa bango aka ɗaure ta. Da can a sake take, har labulen yana jan ƙasa. Ranar kuwa ta ɗame tamau.

Rufin ɗakin mai tsini ne irin na coci, ba silin. Watan jiya aka cire ginshiƙin tsakiya don sahun sallah ya miƙe.

Ina jin kunyar magana cikin mutane, amma na daure na gaya wa Malam. Ya aika aka kira Madu kafinta, wanda muke ce wa Tonton, wato kawu.

"Wa ya ɗaure igiyar nan haka, 'yata?"

"Ba kowa, Tonton."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dogon katakon da ke riƙe da tsinin rufin.

"Malam, a fitar da yaran, a hankali. Katakon ne ke sauka, yana tura bango biyun waje."

Yanzu an tokare shi da ƙarfe. Amma daidai ƙarƙashinsa ƙanwata Safiya take zama kullum.

Da ku ne, za ku bar ta ta koma wurin?